Mun Je Ganin Ruwan da Ba Ya Ƙafewa

Tun da muka dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fada, wurin hirarmu, sai wani ya jawo benci ya matso: "Malam Issa, wai da gaske ne Alhaji Habu ya faɗa ruwa?" Wani kuma ya ce shi faɗawar ba ta dame shi ba, so yake ya ji abin da ya sa mutumin da ya tafi yana rantsuwa sai an yi baraji, wato madatsar ruwa, ya dawo yana sassauta murya. Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba, har jiya na ji an ce wai kada ne ya biyo mu. Babu wani kada. Ga yadda aka yi.

Garinmu yana kudu da Mirriya, a bakin wata ƙorama. Da damina ruwa yakan sauko ya cika tabkinmu, ya tumbatsa, ya wuce zuwa Gangare, ƙauyen da ke ƙasa da mu. Da rani muna lambu a bakin tabkin: salati, tumatir, albasa, tattasai. Kafin bazara ta yi nisa ruwan ya ƙafe, ƙasa ta tsattsage, samari su ɗaure kaya su tafi ci-rani. Alhaji Habu ne ya kawo shawarar a toshe bakin da ruwan yake fita da dutse da siminti, a yi baraji, tabki ya zauna cike har wata damina. Ƙungiyar masu lambu ta rabu biyu, aka yi ta muhawara ba a gama ba.

Shi Alhaji Habu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara nake ce masa bawana, shi kuma yana ce mini Na-Gardama. A wani zama ya miƙe ya ce shi ya san ƙasar da ruwa ba ya ƙafewa, can fadamar Haɗeja, inda yake da aboki, Malam Gaji, wanda yake sayen bandar kifi a hannunsa tun zamanin da yake fatauci. Ya ce mutanen can ba su san wani abu wai shi ci-rani ba. Dattawa suka ce to ya je ya gano musu, amma ya tafi da ni, domin sun san ko rana Habu ya nuna ya ce ga ta can, sai na ɗaga kai na duba.

Muka tashi bayan an yanke gero, kafin a fara lambu. Alhaji ya fito cikin babbar rigar shadda fara sol, da jakar tsaraba cike da alkaki da kilishi. Na ce, "Bawana, ɗaurin aure za mu ne?" Ya ce shi wakilin gari ne, ni kuwa ɗan rakiya, kowa ya yi shigar matsayinsa.

Daga tashar Damagaram muka shiga motar Magariya. Hanyar nan duk gonaki ne cike da gawo, ya fara fitar da sabon ganye. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce tana yarinya wurin nan fili ne fetal, maza sun sassabe komai, iska tana binne shuka. Da aka bar itatuwan suka tashi, dabbobi suka dawo inuwa, suka bar taki, gero ya yi kyau a gindinsu, ita kuma ta huta da tafiya nesa neman makamashi. Na zunguri Alhaji na ce ya saurara. Ya buɗe ido ɗaya ya ce gawo ba ya ba da ruwan salati, ya koma barcinsa.

Bayan Dungas hanya ta zama rairayi. Muka hau wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya tare da masu kai awaki kasuwar Maigatari, ba mu yi nisa ba ta kafe. Kowa ya sauka ya sa kafaɗa, ban da Alhaji, wanda ya koma bayan taya ya tsaya yana ba da umurni: "Ku ɗan karkata hagu! Direba, ba ta wuta!" Direba ya ba ta wuta. Rairayin da tayar ta kwaso gaba ɗaya a kan wakilin gari ya sauka. Da muka iso iyaka shaddar ta koma kalar kunun gyaɗa.

Tun a hanya ya gargaɗe ni cewa in mun zo wurin ma'aikata in yi shiru, shi ya iya Turancin Ingilishi. Ya gyara hula, ya tattaro ƴan kalmominsa, kafin ya buɗe baki ma'aikacin ya ce, "Sannunku da hanya, Baba. Ina zuwa?"

Alhaji ya ɗan ji haushin Turancin da ya tafi a banza. Ya ce, "Za mu ganin ruwa."

"Ganin ruwa? Ba ku da shi a Nijar?"

"Muna da shi, amma namu ba ya zama."

Mutumin ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji. Ya duba kartidantitenmu, wato katin shaida, ya ga Mirriya, ya ce kakarsa daga wajen nan take, in mun koma mu gaishe masa da tsamiyoyin garin. Muka wuce.

A Gumel muka tsaya shan shayi, kuma nan na ga abin mamaki. Mu a gida shayi zama ne: ƙaramin kofi, gawayi, hira, na farko da ɗaci, na bayansa da zaƙi. Su kuwa mai shayi ya ɗauko wani kofi kamar na alwala, ya cika shi da madara, ya ɗaga hannu sama ya yi ta sheƙawa, ya haɗo da burodi rabin hannu. Mutum ya shanye a tsaye ya kama gabansa. Alhaji ya gama nasa ya zauna yana jiran na biyu. Mai shayin ya dube shi ya ce, "Alhaji, lafiya?" Alhaji ya ce ai ba a tashi a kan na farko. Mutumin ya ce shi a teburinsa kowane kofi na farko ne.

Da muka sauka Haɗeja Alhaji ya ce kafin mu wuce sai ya ga barajinsu da idonsa. Ya tsayar da masu babur, waɗanda muke ce wa kabu-kabu su suna ce musu acaɓa, ya ce, "Ku kai mu baraji, babban." Suka ce sun gane. Suka yi ta ratsa lunguna da mu, suka sauke mu a wani fili cike da matattun motoci da baƙin mai. Alhaji ya ce, "Ina ruwan?" Wani bakanike ya fito daga ƙarƙashin mota ya ce in na lagireto ne akwai a jarka. Ashe gareji suka ji. Sai da muka yi ta kwatance da hannu kafin wani ya ce, "Au, dam kuke nufi!" Ya ce manyan suna can sama, nesa, wajen ƙasar Kano, ruwan da suke sakowa ne yake isowa nan.

Garin su Malam Gaji ba a shigarsa da mota a wannan lokaci. Hanya ta zo ta nutse cikin ruwa, muka shiga kwalekwale. Ban taɓa ganin Alhaji cikin farin ciki irin na ranar ba. Ko'ina ka duba kore shar, har inda ido ya tsaya. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Na-Gardama, buɗe idonka da kyau, kai ne shaida. Dubi shinkafa! Haka tabkinmu zai zama."

Mai tuƙa mu ya ce, "Alhaji, wannan ba shinkafa ba ce. Kacalla ce."

Da muka matso na gane ta. Ciyawar nan ce mai tsawo da ke fitar da kai kamar zangarniyar gero. Mu ma muna ganin ƴan tsirarunta a wasu tabkuna, amma ban taɓa ganin ta zama daji ba. Ta fi mutum a kan raƙumi tsawo, ta rufe ruwan ta bar ƴar siririyar hanya. Alhaji ya ce, "To ana cin ta?" Mutumin ya ce, "Ita dai take cin mu."

Malam Gaji ya tarbe mu da murna, dattijo ne dogo mai sanyin magana. Suka rungume juna da Alhaji, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ya fi tsufa. Aka sauke mu a shagon zaure, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da kifi. Tuwon ya yi daɗi, sai dai mu da muka saba da na gero, kafin a ɗauke kwano mun fara jin kamar ba mu ci ba. Alhaji ya ɗaga kifin, ɗan ƙarami kamar yatsa biyu, ya ce, "Gaji, ina manyan tarwaɗun nan da nake loda wa mota? Ko ɓoye mini kuka yi?" Malam Gaji ya yi murmushi ya ce ya ci dai, gobe zai gani.

An ba mu gidan sauro. Alhaji ya ce shi Badamagare ne, ba a sa shi a keji. Da gari ya waye na ga wani mutum a bakin ƙofa yana alwala, fuska a kumbure, ido ɗaya ya kusa rufewa, sai da ya yi magana na gane bawana ne.

Ba mu gama karin kumallo ba muka ji gari ya ɗauki ihu da ƙarar gwangwani. Na zaci gobara ce. Muka bi Malam Gaji zuwa gonarsa ta shinkafa, sai ga wani abu ya taso daga cikin kacallar kamar hayaƙi, ya rufe rana. Tsuntsaye ne, jan-baki. Maza da mata suna tsaye a kan kunya suna jan igiyoyin da aka rataya wa gwangwanaye, wasu suna harbi da majajjawa. Aka miƙa wa Alhaji igiya. Wakilin gari ya yi ta ja yana ihu har muryarsa ta dushe, kuma gaskiya ban taɓa ganin aikin da ya dace da shi kamar wannan ba.

Da rana ta yi zafi tsuntsayen suka lafa, muka zauna a inuwa. Alhaji ya ce, "Me ya hana ku kashe su?"

Malam Gaji ya ce, "A ina? A cikin kacalla suke kwana, a ciki suke ƙyanƙyasa. Wa zai iya shiga?"

"To ku sare kacallar."

"Muna sarewa. Ta sake fitowa. Lokacin da kake zuwa sayen kifi, ruwa yakan zo da damina ya malale ko'ina, kifi ya bi shi ya yi ƙwai. Da rani ya janye, fadama ta bushe, rana ta ƙone saiwar ciyawa, shanu su zo su kiwata su bar mana taki. Yanzu ruwa yana zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ba ya malala sosai, ba ya bushewa. Abin da take so ke nan."

A gida muka tarar da ƴarsa, Malama Falmata, wadda take koyarwa a makarantar sakandare a cikin gari, ta zo ganin iyayenta. Ilmin muhalli ta karanta. Ta gaishe mu har ƙasa, ta dubi fuskar Alhaji ta ce, "Baba Alhaji, na ga mutanen garinmu sun zo maka sannu da zuwa." Babanta yana gyaran komar kamun kifi a tsakar gida. Ta ce Alhaji ya kama ƙulli ɗaya ya ja. Ya ja, komar duka ta motsa. Ta ce abin da take fama ta koya wa ɗalibanta ke nan: ruwa da ciyawa da tsuntsu da kifi da saniya da mutum a ɗaure suke da juna. Kacalla ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta, hanyar ruwa ta cike, ruwan ya kauce ya cinye gonakin nan, waɗanda ke ƙasa kuma su rasa ko na sha.

Alhaji ya ce, "Ke nan waɗanda suka gina dam ɗin mugaye ne."

Ta ce, "A'a, Baba. Mutane da yawa suna ci suna sha da shi, can sama ana noman rani, birni yana samun ruwa. Ba mugunta aka yi ba. An dubi ƙulli ɗaya ne aka ja." Ta ce kuma tabkinmu ba kogi ba ne, ba za ta zauna a nan ta ce ga abin da zai same shi ba, sai wanda ya je ya auna. Amma tana da tambaya: in tabkin ya ƙafe da bazara, me ake yi a cikinsa? Na ce makiyaya suna sauka, masu tubali suna ɗibar laka, mata suna shuka kankana a danshin. Ta ce, "To duk waɗannan an tambaye su?" Alhaji ya ce muryarsa ta dushe, ba zai iya dogon bayani ba.

Washegari aka yi gayyar saran kacalla don a buɗe hanyar ruwa. Mutane suka zo daga garuruwa da dama da adda da lauje. Malam Gaji ya ce mu baƙi ne, mu tsaya a bakin gaɓa. Alhaji ya ce shi manomi ne ɗan manomi. Ya shiga kwalekwale, ya ga yadda suke sara a durƙushe, ya ce ba haka ake riƙe lauje ba, ya miƙe tsaye don ya nuna musu. Ya kai sara, ciyawar ta lanƙwashe, kwalekwalen ya tafi hagu, Alhaji ya tafi dama.

Ruwan iyakarsa ƙirji, amma laka ta riƙe ƙafafunsa, rigar ta buɗe a kan ruwa kamar laima, shi kuma yana tsakiya yana kiran sunana, wanda rabon da ya kira shi daidai tun muna makarantar allo. Wasu mutane biyu suka kama shi ta hammata suka tumɓuke shi. Takalmi ɗaya ya zauna can.

Aka ba shi aron rigar Malam Gaji, ya zauna a rana yana karkarwa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ciro shi, wani dattijo mai furfura, ya zauna kusa da shi. Alhaji ya yi masa godiya, ya tambaye shi ko nan unguwar yake. Ya ce a'a, garinsu yana can ƙasa, tun asuba suka taso.

"Ka baro gonarka ka zo saran ciyawar wasu?"

"Ruwanmu ne ya maƙale a nan. Da can har ƙofar gidana yake zuwa. Yanzu rijiya kullum sai an ƙara mata igiya. Ƴaƴana maza duk sun tafi birni, ni da jikoki muka rage." Bai faɗa da fushi ba. Ya karɓi alkakin da Alhaji ya miƙa masa ya ce bai taɓa cin mai daɗinsa ba.

Malama Falmata ta kawo mana fura. Ta ce, "Baba Alhaji, na manta ban tambaya ba. Ruwan da yake wuce tabkinku, wa yake samu?"

Alhaji ya ajiye ludayi. Ya ce, "Gangare." Can kuma ya ce, "Ƴata Rabi a can take aure. A cikin ƙoramar rijiyarsu take."

Ban tsokane shi ba. Duk tafiyar nan wannan ne kaɗai wurin da na samu dama na bar ta ta wuce.

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Magariya. Nan ya gyara zama ya ce shi dama tun farko ba dogon baraji yake nufi ba, mutane ne ba sa saurare. Na ce haka ne, bawana, duk garin kurame ne.

A taron ƙungiya ya ba da labari tiryan-tiryan, ya tsallake faɗawa ruwa, ni kuma na cike masa gurbin. Ya ce shawararsa yanzu a jera duwatsu gajeru waɗanda za su rage wa ruwa gudu ya nutse cikin ƙasa, sauran ya haye ya wuce, a bar tabki ya riƙa bushewa kamar yadda ya saba. A nemo ma'aikacin gona daga mairi, wato ofishin magajin gari, ya auna, kuma kada a aza dutse ko ɗaya sai an je Gangare. Ba kowa ya ji daɗi ba. Sale, wani matashi mai ƴaƴa ƙanana, ya miƙe ya ce, "Ke nan bana ma mu ɗaure kaya mu tafi?" Alhaji ya ce yana fata in ruwa ya zauna a ƙasa rijiyoyin lambu za su ƙara daɗewa, amma ba zai rantse masa ba. Sale ya zauna bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ranar da muka je Gangare, mai garin ya saurare mu har muka gama. Ya ce sun daɗe da jin labarin barajin, har sun yi shawara a tsakaninsu, sun kai digoginsu wurin maƙeri an wasa. Alhaji ya ce, "Digogi kuma? Na me?" Mai gari ya ce na gaisuwa ne, da an gina za su zo su yi mana barka. Aka yi dariya, amma Rabi da ke bayan danga ba ta yi ba, sai da ta ji babanta ya ce ba za a toshe ba sannan ta aiko da ruwan sha.

Muna shirin tashi mai garin ya ce, "To tun da abin na tambaya ne, sai ku raka ni mu je mu gaya wa na ƙasa da mu."

Alhaji ya ce, "Akwai wasu a ƙasa da ku?"

"Alhaji, ai ruwan nan ba a gidana yake tsayawa ba."

Muka bi ƙorama a ƙafa, rana tana dukanmu. Muka je wancan garin, su ma suka ce akwai masu lambun rake a gabansu da ya kamata su ji. Alhaji ya tsaya a gindin wata giginya yana haki, ya share gumi, ya ce, "Na-Gardama, wai ina ƙoramar nan ta ƙare ne?"

Na ce ban sani ba. Mai garin Gangare ma ya ce bai sani ba. Muka tsaya mu uku, dukanmu da furfura, kowa a bakinta aka haife shi, muna kallon inda ta lanƙwasa ta ɓace cikin itatuwa.

Alhaji ya tattare rigarsa ya saɓa a kafaɗa. Ya ce, "To ku taho mu gani."